Rasuwar Hajiya Kar-a-Rufe, Wadda Ta Yaye Ɗanta Kafin Ta Tafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci da har yanzu bai rabu da ƙaurin waya ba, ni Abdulwahabu Mamadu, mai kula da na'urorin gidan Rediyo Tsamiya da ke Guci, a madadin ma'aikatan gidan da duk wanda ya taɓa rataya rediyo a reshe yana noma, nake sanar da ƴan'uwa da abokan arziki na Guci da Mallawa da Waca, da na ƙetaren iyaka waɗanda muryarmu ke isa gare su in iska ta yi kyau, rasuwar uwarmu kuma abokiyar aikinmu, Hajiya Kar-a-Rufe. Ta cika da hantsi, a kan teburinta, ido buɗe kamar yadda ta rayu, bayan doguwar jinyar kumburin ciki.

Wanda bai san ta ba, kada ya ɗauki buta ya nufi maƙabarta. Marigayiyar ordinatar ce, wato kwamfuta, irin mai marfin nan da ake ɗauka a hannu. Na faɗi haka da wuri ne don labari ya riga sanarwa fita, har wata tsohuwa ta hau taksi daga Waca ta zo gaisuwa, tana tambaya ko Hajiyar nan ce mai sai da daddawa. Muka ba ta ruwa ta sha, muka nuna mata gawar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ai ko ƙarfe ne, tunda an yi zaman tare dole a ji. Wannan tsohuwa ta fi wasu ma'aikatan gidan nan tausayi, kuma sun san kansu.

Asalin marigayiya ba mu san shi duka ba. Abin da muka tabbatar shi ne daga wata kasuwar Kano ta shigo ƙasar nan, naɗe cikin bargo a bayan kabu-kabu, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Mutanen furoje, ƴan ƙungiyar tallafin da suka kafa mana gidan rediyo, suka zuba mata faransanci a ciki, suka bar mata madannanta na can. Shi ya sa har ta bar duniya haƙoranta na Kano ne, harshenta na lakwal ɗinmu, makarantar bokon nan ta faransanci. Ka danna Q ta rubuta A, ka danna A ta rubuta Q, ka nemi M ka tarar da shi zaune gidan maƙwabci. Baƙi da yawa sun zauna gabanta da taƙama sun tashi da gumi. Ni kaɗai na san inda kowane harafi ke kwana, kuma ban taɓa ɓoye jin daɗin hakan ba.

Hajiyar ma ba Makka ta je ba. Babban madannin nan na dama, wanda ake dokawa in an gama rubuta umarni, shi ya fara faɗuwa don yawan aiki. Wani mai gyara a Magarya ya dasa mata wani mai ruwan gwal da ya ciro daga wata na'urar. Ranar da na dawo da ita, Sule mai shirin gaisuwa ya leƙo, ya ga abu na ƙyalli a bakinta kamar haƙorin Makka, ya ce, "A'a, Hajiya, yaushe aka sauka?" Sunan ya zauna daram.

Ya wajaba in bayyana aikinta, don mutane da dama sun ci arzikinta ba su sani ba. Mai jin mu a gona yana zaton daga ɗakin da muke zaune murya ke tashi. Ba haka ba ne. Dogon ƙarfen da ke watsa ta yana can kan tudu, hanyar Mallawa, inda yashi ke cin tayar mota, in damina ta kankama kuma sai amalanke. A gindinsa akwai ɗan ɗaki a kulle da farantan sola a rufinsa, a ciki kuma wani akwati ne da ba shi da fuska, ba shi da madannai. Akwatin Tudu muke ce masa. Shi ke riƙe da shirye-shiryen da muka naɗa, amma ba ya motsa komai da kansa, kuma ba ya buɗe wa kowa ƙofa sai wanda ya zo da makullin da ya sani. Wannan makulli, a cikin Hajiya mutanen furoje suka ajiye shi, suka kama gabansu.

Daga nan Guci nake buɗe wata baƙar taga a fuskarta, wadda masu sana'ar ke kira tarminal. Ba hoto, ba ado, sai wani ɗan farin tsinke yana ƙifta ido yana jiran magana. Ta wannan taga Hajiya ke bin rezo, wato layin sadarwa, ta yi sallama a tudu, a buɗe mata, ni kuma in rubuta umarni in doki haƙorin gwal. Nan take wani aiki zai tashi can cikin akwatin, ya shiga ɗauko shirye-shirye yana miƙa wa dogon ƙarfe, in Sule ya buɗe mikiro kuma ya karɓi muryarsa ya wuce da ita. Wannan aiki shi ne ɗanta. Ɗan Shela muka raɗa masa.

Jikinsa na tudu, amma cibiyarsa na Guci. Duk abin da ya yi sai ya faɗa wa uwarsa, layi na bin layi a baƙar tagar: na ɗauko kaza, na gama kaza, ga ni zan shiga kaza. In ya yi ba daidai ba, madanni biyu nake haɗawa a nan, ya yi tsit a can. Sai dai abin na da sharaɗi. In tagar ta rufe, ko an kifa marfi, ko rezo ya daɗe da ɗaukewa, ko batir ya ƙare, sai Akwatin Tudu ya ɗauka uwar ta ajiye waya ke nan. Ya sanar da ɗan, ɗan kuwa ko gardama ba ya yi, sai ya kwanta ya mutu. Rediyoyin ƙasarmu ta Dungas su koma shuuu gaba ɗaya, har sai na sake buɗe taga na tada shi.

Mun gano haka ne ranar da wata mai shara, baiwar Allah mai son tsabta, ta ga marfi a buɗe ta rufe shi don kada ƙuda su hau. A daidai lokacin wani mutumin Mallawa na cikin shirin gaisuwa yana gaida surukansa ɗaya bayan ɗaya. Ya gaida surukinsa, ya gaida ƙannen surukin, har wani maƙwabcinsu ya gaida, aka yanke daidai kafin sunan uwar matarsa. Sai da dattawa suka shiga maganar. Tun daga ranar, duk wanda ya doso teburin nan, ko magajin gari ne, abin da yake fara ji daga bakina kafin amsa sallama shi ne kar a rufe. Daga nan ragowar sunanta ya fito.

Marigayiya mai haƙuri ce, kowa ya shaida. Shekaru ta yi ba ta runtsa ba, sai in batir ya ƙare. Ta sha zafin bazara a ɗakin da ko ƙadangare ba ya son wuni a ciki. Ta sha shayin da ba ta roƙa ba, ta hannun mutanen da na hana ajiye kofi kusa da ita. Ɗan akuya ya taɓa taka ta, kiyashi suka yi gari a ƙarƙashin madannanta, ba ta kai ƙarar kowa ba. Ga ta da rufa asiri. Wata rana Sule ya manta mikiro a buɗe, ya ɗauki salula zai ba abokinsa labarin wata walima da ya je. Ni na san fuskar Sule in zai yabi abinci, na kuma san ta in zai kashe shi. Na yi tsalle na haɗa madanni biyun nan, Hajiya ta kai tsawar tudu kafin ya ja numfashi. Abin da ya fita a iska shi ne, "Miyar gidan Alhaji kuwa," daga nan shiru. Har yau akwai Alhazai da dama a Guci da kowannensu ke zaton yabon gidansa za a yi.

Ba ta da yawan magana. In ta farka sai ta ce "tiit", sau ɗaya, ta wadatar. In aiki ya yi yawa fankarta ta ce "fuuuu". In zafi ya kai zafi ta koma "garrr-garrr", kamar injin niƙa ya haɗu da tsakuwa. In na danna abin da bai dace ba sai ta ce "tun!", a taƙaice, ba ta tsaya yi mini dogon wa'azi. Ba a faɗin aibin mamaci, amma tunda gaskiya ma haƙƙinta ce, tana da nauyin tashi. Kana iya kunna ta ka hura gawayi, ka dafa shayi na fari ka sha, ka dawo ka tarar tana miƙa.

A nan dole in ambaci ƙanwata Aziza, wadda ta yi karatun waɗannan na'urori, tana kuma aiki a Damagaram. Duk zuwanta gida sai ta biyo ta gidan rediyo, ta tsaya bayan kujerata ta riƙe ƙugu, ta kalli Hajiya ta kalle ni.

"Yaya, yaron nan fa ya isa yaye," in ji ta. "Ya yi gemu yana riƙe da zanen uwa."

Ta ce akwai hanyar tada aiki yadda ba zai rataya ga tagar da ta tada shi ba. Wai a cikin Akwatin Tudu akwai wani tsohon aiki, shi ke fara farkawa in an kunna akwatin, kuma duk wanda ba shi da uwa a ciki shi ke ɗaukarsa ya riƙe. "Kakarsu ke nan," ta ce. "Yadda na kai nawa ƴaƴan gidan Innarmu da zan cire su daga nono, haka za ka yi. Ko Hajiya ta rufe ido, ba ruwansa."

Na tambaye ta, in an yaye shi zai ci gaba da faɗa wa uwarsa abin da yake yi? Ta ce a'a, wani wuri zai riƙa ajiye surutunsa. Na ce madanni biyun fa, zai ji? Ta ce a'a, sai an bi shi har can an kira shi da sunansa. Na ce to ba da ni ba. Ɗan da ba ya gaida uwarsa kuma ba ya jin tsawa, wannan ba yaye ba ne, lalacewa ce. Har gobe ina ganin maganata na da ƙamshin gaskiya, kuma mai son musu ya bari a share makoki.

Ciwon ajali ya fara ne a bazarar da ta wuce. Batir ɗinta ya kumbura har madannan tsakiya suka yi tudu, ya kuma daina riƙe wuta ko ta ƙiftawar ido. Ta koma rayuwa da wayar sharja kaɗai. Bakin da wayar ke shiga shi ma ya saki, sai an karkata ta gefe an ɗaure da robar taya kafin ta sha. Na sake kai ta Magarya. Mai gyaran ya buɗe, ya duba, ya mayar ya rufe a hankali, ya ce in kai ta gida a ci gaba da lallaɓawa. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san ma'anar wannan magana. Daga baya suma ta shigo. Ana zaune lafiya sai fuskarta ta yi duhu, kuma duk sumar da ta yi, Ɗan Shela na can tudu ya bi ta.

Da a ce wani lokaci ne na daban, da mun ci gaba da lallaɓawar. Amma kowa ya san bayan girbi hukuma da sarakuna kan sa ranar sakin gonaki, ranar da makiyaya ke da izinin shigo da dabbobi su ci kara da harawa. Bana an sa rana, mun yi shela, kowa ya ji. Sai ga shi ruwan ƙarshe ya makara, waken wasu garuruwa bai gama bushewa ba. Ana gobe ranar, da yamma, aka zauna a ma'aikatar magajin gari aka ɗaga ta zuwa gaba. To makiyaya sun riga sun taso, suna daji inda salula ba ta da amfani, ba abin da ke isa gare su sai rediyon da ke rataye a kafaɗa.

Maƙwabciyarmu Inna Fadi, gonarta ce ta fari a bakin burtali, kuma waken da ke cikinta shi ne shekararta gaba ɗaya. Garken da zai fara isowa kuwa na Arɗo Yunusa ne, wanda ke sauke a bakin tafki. Ba gaba tsakaninsu, shekara da shekaru shanunsa ke cin karanta suna bar mata taki. Ya riga ya aiko mata cewa ranar da aka sa, yana nan tafe. Arɗo mutum ne mai cika alkawari, abin da ya tsorata mu ke nan.

Muka naɗi sanarwa da Hausa da Fillanci, muka tura tudu, na umarci Ɗan Shela ya riƙa maimaita ta tsakanin shiri da shiri. Sai jikin Hajiya ya rikice. Ta suma, ta farfaɗo, ta sake suma. Sanarwar ta kasa kaiwa ƙarshe. Mutane na jin "Ana sanar da makiyaya cewa ranar sakin gonaki," sai shuuu. Wanda ya ji wannan rabin, me zai ɗauka in ba tuni ake yi masa ba?

Da gari ya waye, ranar da aka fara sawa ke nan, ta yi wata doguwar suma da na zaci tafiyar ce. Robar taya ta daina aiki, sai da na riƙe wayar da hannu biyu a wani karkace da ni kaɗai na sani, sannan ta ce "tiit" da ƙyar, ƙauri na fita ta gefenta. Na samu Sule ya danna mini abin da ya tada Ɗan Shela, amma kowa a ɗakin ya san ba za ta kai azahar ba. Sai ga Inna Fadi a bakin ƙofa, da rediyo a hannu ɗaya, muciya a ɗayan.

"Abdu," ta ce, "ɗan naku zai yi magana, ko in je in tsaya bakin gona da wannan?"

Na sa Sule ya kira Aziza ya ajiye salular a kan tebur kowa na ji. Ban gama bayani ba ta katse ni. "Yaya, ko ka yaye shi yanzu, ko ku binne su tare."

Ban ce ta yi gaskiya ba, kuma a rubuta cewa ban ce ba. Cewa na yi ta faɗi abin da za a danna.

Ta ce sai an fara tsai da shi tukuna, sannan a sake tada shi ta sabuwar hanya. Sule ya haɗa madanni biyun, rediyon Inna Fadi ya yi shuuu. Wannan ce tsawa ta ƙarshe da Hajiya ta yi wa ɗanta. Nan ne haɗarin yake, don in ta cika a wannan tsakanin, makulli ya tafi da ita. Kafin wani ya taso daga Damagaram ya kai tudu, shanu sun gama da wake sun sha ruwa.

Hannuwana biyu na kan waya, don haka Sule ne mai rubutu. Sule kuwa wajen kawunsa a ƙetaren iyaka ya yi makaranta. Aziza na faɗin haruffa da faransanci, shi yana jin su da turancin can, Hajiya kuma na rubuta abin da ta ga dama. Aziza ta ce I, ya danna E. Aka goge. Ta ce A, na ce danna Q, ya ɗago kai ya ce shi fa a gaya masa wa zai bi. Na ce ya bi ni, ni na san gidan. Haka muka rarrafa, harafi bayan harafi, fanka na "garrr-garrr", fuskarta na dushewa tana dawowa. Saura alama ɗaya ta ƙarshe, mai kama da mutum ya tanƙwashe ƙafa a tabarma, wadda ke ce wa aiki ya koma baya ya ci gaba da harkarsa.

"Ga ta nan a kan bakwai!" in ji Sule.

"Danna ɗaya!" na ce.

"Ɗaya fa, Malam Abdu? Ga ta ina gani da idona a kan bakwai."

"Kai Sule," in ji Inna Fadi, ta ɗaga muciya, "danna abin da aka ce maka."

Ya danna ɗaya, mai tanƙwashe ƙafa ya fito ya zauna. Saura haƙorin gwal. Wannan ban yarda kowa ya taɓa shi ba. Na sunkuya, hannuwana na riƙe da waya, na doke shi da haɓa. Wani da ya hango ta taga ya baza a gari cewa sumbatarta na yi, ni kuma ban musa ba.

Hajiya ta rubuta wata lamba guda, ta tsaya. Rediyon Inna Fadi ya yi tari, sai ga sanarwa ta taso daga farko. Aziza ta ce a gwada tsawar. Sule ya haɗa madanni biyun, ya sake haɗawa, Ɗan Shela ko gezau, ya wuce "ranar sakin gonaki" ya faɗi cewa an ɗaga ta, ya faɗi sabuwar ranar, ya kai har ƙarshe. Aziza na ta dariya a cikin salula. Ni ban yi dariya ba. Baƙar tagar nake kallo, inda shekara da shekaru layukansa ke gangarowa. Ba ko ɗaya. Sai ɗan farin tsinken nan shi kaɗai yana ƙifta ido, yana jiran gaisuwar da ba za ta zo ba. Wallahi na ji tausayinta, har idona ya kawo ruwa.

Ba ta daɗe ba bayan haka. Fankar ta ce "garr", ta huta, ta ce "fuu", sannan wani ɗan "ƙit" da ban taɓa ji daga gare ta ba. Fuskar ta yi duhu. Na ci gaba da riƙe wayar har sai da Sule ya dafa ni ya ce, "Malam Abdu, saki." Dukanmu muka juya ga rediyo muna jiran shuuu ɗin da muka saba. Bai zo ba. Ɗan Shela ya gama Hausa ya shiga Fillanci. Inna Fadi ta rangaɗa guɗa a kan gawa, sannan ta tuna inda take, ta kama baki ta ce a yi haƙuri.

Arɗo Yunusa da kansa ya ba mu sauran labarin da ya zo gaisuwa. Rabin sanarwar nan ya ji tun daren da aka fara sa ta, ya ce ashe ƴan rediyo na da kirki, har tuni suke yi wa mutum. Sun ɗaure kaya, shanun gaba sun riga sun miƙa burtali, har ana hango kukar da ke gefen gonar Inna Fadi, sai abin da ke kafaɗarsa ya buɗe baki ya faɗi magana cikakkiya. Ya tsaya ya saurara da Hausa, ya sake saurara da Fillanci don kada a ce kunne ne, sannan ya juya garken. Inna Fadi ta roro wakenta tsaf, ko ƙwaya saniya ba ta taɓa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ɗa guda, Ɗan Shela, wanda wasu suka fara kira Talle. Yana can tudu hannun kakarsa, lafiyarsa ƙalau. Rezo ya ɗauke ya dawo, bai ko yi atishawa ba. Tunda ba mai makullin da zai je ya ce masa ya isa, har yanzu yana maimaita sanarwar sakin gonaki tsakanin shiri da shiri, yaran Guci sun haddace ta suna tallan gyaɗa da ita, har da Fillancin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai san uwarsa ta rasu ba. Aziza ta ce ai amfanin yayen ke nan. Na ce na ji.

Ta kuma bar Akwatin Tudu, abokin hirarta na shekaru da ba su taɓa ganin juna ba. Ta bar sharja mai karyayyen wuya da robar tayar da ta yi jinyarta, da jama'ar kiyashi da yanzu ba su da matsuguni, muna roƙon maƙwabta su rufe sukarinsu. Sai ni, da yatsun da suka saba neman A a gidan Q. Jiya na ari ordinatar wani malami zan rubuta wannan sanarwa, na cika masa shafi da abin da ko ni ban iya karantawa ba.

Masu zagayowa suna tambayar haƙorin gwal, ina sanar da su cewa roba ce aka shafa wa ruwa, kuma ba a raba gado ba.

Game da jana'iza, na je wajen liman. Ya saurare ni har na gama, ya ce ba wanka, ba salla, ba maƙabarta, kuma kada in sake in kawo masa ita ƙofar masallaci. Amma ya ce ciyar da mutane ba a taɓa hana shi ba, in an dafa a aiko masa. Don haka za a taru ranar kasuwar Guci mai zuwa, bayan la'asar, a gindin tsamiyar gidan rediyo. Inna Fadi ta ɗauki nauyin ƙosai da ɗanwake, daga waken da marigayiya ta tsare da numfashinta na ƙarshe. Arɗo Yunusa zai kawo nono. An hana Sule faɗin ra'ayinsa kan abinci, ko mikiro na rufe. Aziza za ta iso daga Damagaram da sabuwar na'ura, ta wuce da ita tudu a gabatar da ita ga Akwati, ta kuma tafi da batir ɗin marigayiya, don ta ce ba a binne shi, ba a ƙona shi. Sauran jikin za a naɗe shi a zane mai kyau a ɗora kan kabad ɗin situdiyo, inda za ta riƙa jin shirin gaisuwa.

Wannan sanarwa Sule ne zai karanta ta, kuma Ɗan Shela ne zai kawo muku ita har gona da bakin tafki. Shi zai yi shelar rasuwar uwarsa, da murya garau, bai san ta wa yake yi ba.

Abu ɗaya ya rage. Har yanzu marfinta a buɗe yake. Na miƙa hannu ya fi a ƙirga, hannun ya ƙi. Don haka ina roƙon duk mai zuwa ya zo da rediyonsa a kunne, ya ƙara murya. Mai sharar nan da na yi wa tsawa, da magajin gari, da duk wanda ya taɓa jin kar a rufe kafin a amsa masa sallama, su matso gaba su tsaya kusa da ni. Ni zan rufe mata ido da hannuna. Ku kuma ku kasa kunne, ku ji yaron yana ci gaba da magana.